Wa Ya Kwance Sasin Wairem?

Shafi na 14

Ku dai mutanen shafin nan haƙuri bai ishe ku ba. Wadda ta rantse ta daina gaishe ni sai na saki ci gaba, to ga shi, ki maido min gaisuwata. Sababbin zuwa kuma ku matso kusa: Orpa ce shugabar masu gadin tafkin Wairem, inda 'ya'yan pari ke girma, kifin nan mai faɗi da ke shawagi a ruwa kamar tsuntsu. A shafin baya mun bar ta ita da abokiyar aikinta Selfina sun shiga tafkin da hantsi, sun tarar da abin da ba su bari ba.

*

Jarkoki ne shuɗaye, sababbi fil, an jera su a kan ruwa tun daga gindin dutse har tsakiyar tafkin. Kowace da igiya ɗaure a hannunta, igiyar ta miƙe zuwa ƙasa.

Jiya da yamma babu ko ɗaya.

Orpa ta ɗora filafili a cinya. Tun daga bakin tafki suka kashe inji kamar kullum, suka ƙaraso da hannu, ƙaramin kwalekwalensu na biye a ɗaure.

"Kwamanda," in ji Selfina ƙasa-ƙasa. "Dubi ta ƙarshen can. Rawa take."

Babu iska. Ruwan a kwance yake kamar an shafe shi da tafin hannu. Amma jarkar sai nutsewa take tana ɓullowa, tana fizga gefe.

Orpa ta ajiye filafilin. Ta ja gilashin ninƙaya kan fuska, ta zare wuƙa daga ƙugu, ta zame cikin ruwa.

Tun kafin ta ƙarasa ta gane shi.

Kopi ne.

Selfina ce ta raɗa masa sunan, saboda tabon da ke ƙasan cikinsa, kamar an kifar da kofi a kan farin zane. Faɗinsa bai wuce mutum ya buɗe hannuwa ba. A cikin danginsa jinjiri ne. Uwarsa ta haife shi a nan ta koma babban teku, ta bar wa tafkin reno, don nan ruwa ba zurfi kuma kifin shak ba ya shigowa.

Igiyar ta shige tsakanin 'yan kunnuwan nan biyu na gaban bakinsa. Pari ba ya iya ja da baya. Dabararsa ɗaya ce, ya wuntsila, kuma kowace wuntsilawa ƙarin naɗi ce. Ya yi ta yi har igiyar ta zagaye fiffikensa na hagu, ta yanka ta shige cikin nama.

In kuwa ya daina tafiya, numfashinsa ya tsaya.

Ta kama igiyar ta hau yanka. Mai kauri ce, irin ta manyan jirage, wuƙa sai zamewa take. Ƙirjinta ya fara zafi. Ta hau sama, ta shaƙi iska, ta ji Selfina na ihun wani abu, ta sake nutsewa ba ta saurara ba.

Wannan karon da ta matso, Kopi ya daina fizga. Ya juyo da ido ɗaya yana kallonta.

Zare ya tsinke. Wani ya bi. Na ƙarshen ya ɓalle da ƙarfi ya zabge ta a dantse, ta ga jininta ya bazu a ruwa kamar hayaƙi.

Ta warware naɗin, ta ja baya.

Bai tashi ba. Ya karkace gefe ɗaya yana sauka ƙasa a hankali, kamar tabarmar da ta suɓuce daga hannun mai wanki.

Sai ga Selfina ta gifta ta gefenta. Ta shige ƙarƙashinsa, ta tallabe shi da hannu biyu, tana bugun ruwa da ƙafa tana tura shi gaba don ruwa ya ratsa bakinsa. Fiffiken dama ya ɗaga. Ya sauka. Ya sake ɗagawa.

Suka ɓullo tare suna haki, suka rungumi gefen jirgi.

"Zai yi," in ji Selfina tana tofar da ruwan gishiri. "Ɗan banzan nan zai yi. Amma in an bar shi zai koma ƙasa, sai an riƙa tura shi. Ke kuma dubi hannunki."

"Bar hannuna. Wa ya shigo nan?"

"Ni kike tambaya? Tare muka tashi aiki jiya."

"Mutum ya ratsa sasi ya shigo da kaya haka? Bai ji tsoron Allah ba, bai ji tsoron..."

Ta juya ta kalli bakin tafkin, ɗan siririn ratsen nan tsakanin duwatsu biyu.

Sandar ba ta nan.

Da suka shigo ɗazu jarkokin ne suka ɗauke musu ido. A kan dutsen dama aka kafa sandar sasi, alamar haramcin gargajiya, da ganyen kwakwa a saƙe da jan ƙyalle a samanta. Matan ƙauyen Yensori ne suka ɗaura shi, fasto ya yi addu'a a kai: ba raga, ba ƙugiya, ba inji a Wairem har sai wanda ya ɗaura ya kwance. Wanda ya ƙetare kuwa, kowa ya san ciwon da ke bin bayansa ba na asibiti ba ne.

Yanzu rami kawai ya rage.

Selfina ta bi idonta. Sai ta ce, "Kada dai ki ce komai tukuna."

"Keus ne."

"Na ce kada ki ce."

"Wa ke tuƙa wa mutanen kamfanin nan masu son gina masaukin baƙi jirgi? Wa ya san lokacin da muke tashi aiki? Ƙanena ne, ni na goya shi, na san abin da zai iya."

Selfina ta numfasa. "To je ki. Bar min ƙaramin kwalekwalen da oba-oba ɗaya. Ni ba inda za ni sai yaron nan ya iya tafiya da kansa. Amma don Allah, Kwamanda, ajiye wuƙar nan kafin ki shiga gida."

*

Daga Wairem zuwa ƙauye bai fi mutum ya tauna pinang, goron mutanen nan, ya tofar ba. Orpa ta ɗaure jirgi a gadar katako, ta ɗauko guntun igiyar da ta yanko, ta haura gida ruwa na zuba daga jikinta.

Duk suna baranda.

Mahaifiyarta, Mama Yakoba, na zaune a ƙasa tana gyaran kifi. Ludia, matar ƙanenta Zakeus da suke kira Keus, ta jingina da bango ta miƙe kumburarrun ƙafafu, tana tuƙa tuwon papeda a kwano bisa cikinta da ya sauko, haihuwa yau ko gobe. Shi kuwa gogan yana kan benci da sabuwar rigar kamfani, yana shan romo yana leƙa waya.

Orpa ta jefa igiyar cikin kwanonsa. Romo ya fantsama masa a riga.

"Kai! Yaya, lafiyarki kuwa?"

"Ka san wannan?"

"Igiya ce. Ko yanzu ita ma kun hana?"

"A jikin ɗan pari na yanko ta. Ta kusa raba shi da fiffike."

Ya ɗan ɗauke ido, ya maido. "To sannu da aiki. Sai turawanki su ba ki lambar yabo, ki rataya kusa da waccan."

"Keus, tsaya ka dube ni. Kai ka kai jarkokin nan Wairem?"

"In ni ne fa?"

Ludia ta daina tuƙi.

"In kai ne, yau ɗin nan zan tara dattawa da fasto, kuma zan kira jami'an ruwa. Ba ruwana da nono ɗaya muka sha."

"Daman yaushe ruwanki ya taɓa kasancewa da wannan?"

"Ka tumɓuke sandar sasi da hannunka? Matarka na ɗauke da ciki? Ba ka tsoron abin ya sauka a kanta?"

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Wane sasi?"

"Kada ka raina min hankali."

"Na ce wane sasi? Ni mahaukaci ne da zan ƙetare sasi? Ban taɓa sandarku ba, na rantse da Littafi. Da na je, ƙofa a buɗe na same ta."

"Ƙarya kake!"

"Ba ƙarya yake ba."

Mama Yakoba ce ta yi maganar. Ba ta ɗago ba. Ta ƙarasa fasa cikin kifin da ke hannunta, ta jefa hanjin ta tsakanin katako, ƙananan kifaye suka yi caa a ruwan ƙarƙashin gida. Sannan ta ɗauraye hannu, ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki.

Da ta fito, jan ƙyallen na hannunta, a ninke.

Ta ajiye shi a gaban Orpa.

"Ni na ɗaura. Ni na kwance."

Orpa ta kalli ƙyallen. Ta kalli uwarta. Wani abu ya riƙa yi mata ƙara a kunne kamar ta nutsa da zurfi.

"Mama..."

"Zauna."

"Mama, ke?"

"Na ce zauna. Ludia, miƙo min tsumman can, hannunta na jini."

"Kada ki taɓa ni!"

A gidan nan ba a taɓa ɗaga wa Mama Yakoba murya ba, ko marigayi mijinta bai yi ba.

"Ke kika bi gida-gida kina tara mata," in ji Orpa. "Ke kika tsaya a coci kika ce wurin haihuwa ba a taka shi da takalmi. Da maza suka yi dariya, ke kika rufe musu baki. Saboda ke na shiga aikin nan, Mama. Sauran matan sun sani?"

"Ba su sani ba."

"Fasto fa?"

"Ni da Ubangijina kaɗai. Na je da sassafe, na yi addu'ar da ake yi, na roƙi gafara, na cire."

"Me 'yan kamfanin suka ba ki?"

"Yaya, ki iya bakinki," in ji Zakeus.

"Kai rufe min baki! Me suka ba ki, Mama? Shinkafa? Kwanon rufi?"

Mama Yakoba ta koma ta zauna. Ta ɗauko pinang daga jakar saƙa, ta juya shi a hannu, ba ta kai baki ba.

"Jirgi," ta ce. "Mai inji biyu, mai rufi, da gado a ciki. Zai zauna a gadar nan kullum da fetur a cikinsa, ba na kowa ba sai marar lafiya. Da ungozoma ta asibiti, za su gina mata ɗaki su riƙe ta."

"Kuma kika yarda? Mutanen da ke son jera ɗakunan baƙi a kan..."

"Ina jirginki yake ranar da Marice ta fara naƙuda?"

Kamar an watsa wa Orpa ruwan sanyi.

Marice ƙanwarta ce, mai bi mata. Tun da aka binne ta, ba wanda ke kiran sunan a barandar nan.

"Mama, kada ki..."

"A'a, yau zan faɗa. Na haɗiye ta, na haɗiye ta, har ta zama min dutse a ciki. Jirgi ɗaya ne mai gudu a ƙauyen nan, na gadi. Ina yake?"

"Kin san inda yake. Masu raga ne suka shigo ta arewa, muka bi su. Ban san ta fara ba. Da safe na bar ta tana wanki, tana min tsiya."

"Ban ce kin sani ba. Na ce ina yake."



"A kwalekwalen Om Barnabas muka sa ta," in ji Mama, idonta a kan teku. "Injin nan nasa mai tari. Rana na dukanmu, na tare mata fuska da zanena. Kanta a cinyata. Ta ce, Mama mun kusa? Na ce mun kusa. Ta sake tambaya, na sake cewa mun kusa. Jini ya haɗu da ruwan da ke ƙasan kwalekwalen, Barnabas na kwalfewa yana kuka, tsoho da shi. Har mun fara hango rufin gidajen Waisai, inda asibiti yake, ta daina tambaya."

Ludia ta rufe baki da hannu.

"Ita da abin cikinta. Na dawo da su a kwalekwale ɗaya." Sai yanzu Mama ta dubi Orpa. "Kin shigo min kina ɓari saboda igiya ta yanki ɗan kifi. Ban ce ba rai ba ne. Na fi ki sanin uwar pari sai ta yi shekaru kafin ta haifi ɗaya tak, ni na koya miki. Amma dubi yarinyar nan. Dube ta! Ungozomar da ta zo rigakafi ta taɓa ta, ta ce ɗan a gicciye yake. Kina so in sake zama a kwalekwalen Barnabas?"

Orpa ta juya. "A gicciye? Ludia, gaskiya ne? Me ya sa ba wanda ya gaya min?"

"Yaushe kike gida da za a gaya miki?" in ji Zakeus.

"Da jirgin gadi zan kai ta! Yau ma in ana so. In kai ta Waisai ta zauna wurin gwaggo Tanta har ta sauka."

"Wannan kin kai," in ji Mama. "Ta gaba fa? Matan Yensori sun daina haihuwa ne daga kan Ludia?"

"Don Allah ku cire cikina daga bakinku."

Duk suka juya. Ludia ba mai magana ba ce, tun da aka kawo ta gidan.

"Ni ban aiki kowa ya kwance sasi ba. Ni ma na riƙe ƙyallen nan ranar da aka ɗaura. Gobe in wani abu ya faru, sai a ce saboda Ludia ne." Hawaye suka zubo mata. "Amma ina jin tsoro, Yaya Orpa. Ba zan ɓoye miki ba. Kullum in na kwanta Marice nake gani."

Orpa ta zauna a bakin benci, jini na bin dantsenta yana ɗiga a katako. Mama ta matso da tsumman. Wannan karon ba ta hana ta ba.

"Ba za su ɓata tafkin ba," in ji Mama tana ɗaure mata hannu, muryarta ta yi laushi. "Na kafa musu sharaɗi. Ɗakuna kaɗan a gefen dutse, ba inji a ciki, baƙi da filafili za su shiga. Mutumin kamfanin ya dafa ƙirji ya yi min alkawari."

"Mama, katakon ginin fa? Turakun ƙarfen da za a kafa inda aka jera jarkokin nan fa? A ka za a ɗauko su?"

"A jirgi mana."

"Wane jirgi? Bakin Wairem in ruwa ya janye, namu ma sai mun ɗaga inji muke wucewa, duwatsun murjani na gogar ƙasansa. Ta ina jirgin kaya zai shiga?"

Mama ta dakata da ɗaurin. Ta juya ta kalli ɗanta.

"Keus, ta ina?"

"Su suka san aikinsu." Ya sunkuya yana goge romon da ke rigarsa. "Ni direba ne kawai."

Oba-oban da ke ƙugun Orpa ya yi ƙara.

"Kwamanda, Kwamanda, kina ji na?"

Ta zaro shi. "Ina ji, Selfina."

"Albishirinki. Ɗanki ya fara tafiya da kansa. A karkace dai, kamar Om Barnabas ranar biki, amma yana tafiya." Tana haki tana dariya. "Sai dai wawan bakin tafki ya nufa. In ya fita waje da ciwon nan, shak ba zai bar shi ya kai yamma ba. Zan bi shi in juyo da shi."

"Yi a hankali."

"Af, kuma mun yi baƙi. Wani jirgi ya tsaya daga waje, daidai ƙofar. Ba suna a jikinsa. Ba su gan ni ba, dutse ya kare kwalekwalena."

Zakeus ya ɗago kai.

"Su waye?" in ji Orpa.

"Ban san su ba, ba 'yan nan ba ne. Sun naɗe fuska da riga. Kamar masu sayar da lemo, sai fito da kwalabe suke daga buhu suna jerawa. Bari in kamo yaron nan tukuna, in na dawo na leƙa su da kyau."

Ƙit. Ta kashe.

Wayar Zakeus ta suɓuce ta faɗi a katako.

"Selfina tana Wairem?" Muryarsa ta canja. "Yanzu? A cikin ruwa?"

"Ina kake so ta kasance?"

"Ai yau ranar zagayen arewa ce! Na gaya musu yau arewa kuke, ba kowa a..."

Ya kama bakinsa.

Orpa ta miƙe a hankali. "Ka gaya wa wa?"

"Ce mata ta fito."

"Keus, kwalaben mene ne?"

"Yaya, don girman Allah ce mata ta fito daga ruwan! Ta hau dutse, ko'ina, ta dai fito!"

Orpa ta riga ta gane. Duk wanda ya tashi a bakin tekun nan ya san kwalbar da ake cika wa taki a sa mata lagwani. Ya san yadda kifi ke tasowa fari fat bayanta, ciki a fashe. Ya san abin da take yi wa mutum in yana ƙarƙashin ruwa.

Ta danna oba-oba har yatsanta ya yi fari.

"Selfina! Selfina, fito daga ruwa! Kina ji na? Selfina!"

Shuuu kawai yake.

Mama Yakoba ta shaƙo wuyan rigar ɗanta da hannu biyu. Tsohuwa ce, amma sai da ya durƙusa.

"Faɗa min. Faɗa min da bakinka."

"Ƙofar za su faɗaɗa, Mama." Kuka yake yanzu, majina da hawaye. "Murjanin bakin kawai, don jirgin kaya ya samu hanya. Sun ce in aka ji ƙara za a ɗauka masu kamun kifi da bam ne, ba wanda zai ce kamfani. Sun ce ba abin da zai taɓa cikin tafkin."

"Ka sani? Ranar da ka kawo min mutumin nan ya zauna a tabarmata, ya sha shayina, ya dafa ƙirji, ka sani?"

"Daga baya na sani. Na ce in na gaya miki za ki fasa, jirgin ya tafi, Ludia kuma..."

Marin da ta ɗauke shi da shi har maƙwabta sun ji.

"Kira su!" in ji Orpa. "Ɗauki wayarka ka kira su!"

"Ba sabis a bayan dutsen, kin sani!"

Ta kwasa da gudu. Gadar katako na girgiza ƙarƙashin ƙafarta, oba-oba manne a bakinta.

"Selfina! Rabu da shi! Bar Kopi ki fito! Selfina, amsa min!"

Tana jin takun Zakeus a bayanta, da muryar Mama tana kiran sunan Yesu, da matan maƙwabta suna fitowa suna tambayar wa ya mutu. Ta dira cikin jirgi, ta finciki igiyar inji. Ya yi tari ya mutu. Ta sake finciko.

"Kwance ɗaurin!" ta daka wa ƙanenta tsawa. "Kwance mana, me kake kallo!"

Ya kama igiyar, ƙullin ya ƙi.

Ba ta kunne ta fara jin sa ba. Ta ƙasan jirgin ya shigo, ya doki tafin ƙafarta, ya haura har haƙora.

Dummm.

Daga bayan dutsen Wairem fararen tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, suna kuka.

Ba wanda ya motsa a kan gadar.

Dummm.

Na biyu.

Mama Yakoba ta zube a kan gwiwoyinta, ta ɗora hannu a ka.

Inji ya kama. Orpa ta kai hannu za ta murɗa, sai oba-oba ya yi ƙara a cinyarta.

Ta wawure shi. "Selfina! Na gode Allah! Selfina, kina ina?"

Numfashi kawai take ji, mai nauyi, da ƙarar ruwa na dukan katako.

Sannan aka yi magana.

Muryar namiji ce, baƙuwa, tana karkarwa.

"Wa... wa ke ji na? Mai ƙaramin kwalekwalen nan..."

Ya haɗiyi yawu.

"Ba wanda ya gaya mana akwai mutum a ruwan."